Tambayoyi da Amsoshi kan Taƙaddamar Lasisin OGL na Wasan Dungeons & Dragons

A watan Janairun 2023 an shafe kusan makonni uku ana kai ruwa rana tsakanin kamfanin Wizards of the Coast na ƙasar Amurka da dubban marubuta, masu zane, ƙananan mawallafa da 'yan wasa, a kan wata takardar izini da ake kira OGL, wato Open Game License. Wannan shafi ya tattaro tambayoyin da aka fi yi game da lamarin, tare da amsa su gwargwadon nauyin kowace.

Wane irin wasa ne ake wannan taƙaddama a kansa?

Wasa ne na ƙirƙirar labari da mutane kaɗan suke yi a zaune kewaye da tebur. Kowane ɗan wasa yana ɗaukar matsayin mutum ɗaya a cikin labarin, ko jarumi ko masihirci ko ɓarawo, sannan mutum guda ya zama jagora, yana bayyana musu inda suke da abin da ya tunkaro su. Idan ɗan wasa ya ce jaruminsa zai tsallake rami ko zai kai wa dodo sara, sai ya jefa dayis, wato ƙwayar nan mai lambobi a fuskokinta, lambar da ta fito kuma ita za ta nuna ko ya dace ko bai dace ba. Wanda ya fi shahara a cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙira, kamfanin TSR ya fara wallafa shi a 1974. Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, shi kuma babban kamfanin kayan wasa na Hasbro ya sayi Wizards a 1999.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne cewa wasan a cikin littattafai yake. Akwai littafin ƙa'idoji, akwai na dodanni, akwai na labaran da jagora zai bi da mutanensa, kuma duk wanda ya daɗe yana wasan sai ya wayi gari yana rubuta nasa. Tambayar ko yana da damar sayar da abin da ya rubuta ita ce tushen rikicin.

Mene ne OGL, kuma me ya sa kamfani zai buɗe dukiyarsa ga kowa?

OGL lasisi ne gajere, kalmominsa ba su wuce kimanin 900 ba, wanda Wizards ya fitar a shekarar 2000 tare da bugu na uku na wasan. Ryan Dancey, wanda yake kula da harkar wasan a kamfanin a lokacin, shi ne ya jagoranci aikin, kuma ya aro tunanin ne daga masu rubuta buɗaɗɗun manhajojin kwamfuta da kowa yake iya gyarawa ya rarraba. Tare da lasisin an fitar da wani kundi mai suna SRD, wanda ya ƙunshi ainihin ƙa'idojin wasan, aka ce kowa yana iya kwafa daga cikinsa, ya gyara, ya buga, ya sayar, ba tare da ya biya komai ko ya nemi izinin kowa ba, muddin ya liƙa rubutun lasisin a littafinsa kuma ya ambaci waɗanda ya ɗebo daga wurinsu.

Ba don alheri kawai aka yi hakan ba. Lissafin Dancey shi ne, ribar kamfanin tana cikin manyan littattafan ƙa'idoji, ƙananan littattafan labari kuwa wahalarsu ta fi ribarsu, saboda haka idan aka bar wasu suna rubuta su, kowane littafi da suka fitar zai ƙara tura mutane sayen babban littafin. Akwai kuma dalili na biyu da Dancey ya sha faɗa, wato tabbatar da cewa wasan ba zai mutu tare da kamfanin da ya mallake shi ba, domin TSR ya kusa durƙushewa da bashi kafin a saye shi. Shi TSR ɗin ya yi ƙaurin suna wajen maka abokan sana'a a kotu, har da Mayfair Games, har ma da kamfanin da ya wallafa sabon wasan Gygax bayan ya bar su. OGL ya zo ne a matsayin alkawarin cewa wancan zamani ya wuce.

Lasisin ya raba abin da ke cikin littafi gida biyu. Akwai buɗaɗɗen kaso da kowa zai iya ɗauka, akwai kuma keɓaɓɓen kaso na sunaye, tambura, labarai da wasu fitattun dodanni, wanda mai shi ya riƙe wa kansa.

Me wannan lasisi ya haifar a cikin shekaru ashirin da 'yan kai?

Ya haifar da sana'a sukutum. Ƙananan kamfanoni irin su Green Ronin da Kobold Press sun tsaya da ƙafafunsu a kansa, masu ƙaunar tsofaffin bugun wasan na shekarun 1970 da 1980 sun yi amfani da shi suka sake gina ƙa'idojin da suka daina fitowa a kasuwa, kamar yadda aka yi da wasan OSRIC a 2006, wasu mawallafa kuma da wasanninsu ba su da wata alaƙa da Dungeons & Dragons, irin su masu wasan Fate, suka ɗauki lasisin suka buɗe nasu ƙa'idojin da shi.

Babban darasi ya zo ne a 2008, lokacin da Wizards ya fitar da bugu na huɗu a ƙarƙashin wani lasisi daban mai tsauri da ake kira GSL. Kamfanin Paizo, wanda a da yake buga wa Wizards mujallunsa biyu, ya ƙi bin sabon tsarin, ya koma ga tsohon SRD ya gina wasan Pathfinder a 2009, wasan kuma ya karɓu har ya riƙa goga kafaɗa da na asalin a kasuwa. Da bugu na biyar ya fito a 2014, Wizards ya dawo kan hanya, ya saki ƙa'idojinsa a ƙarƙashin OGL a farkon 2016. Duk wanda ya san wannan tarihi ya san cewa an taɓa gwada rufe ƙofar, kuma an ga abin da ya biyo baya.

To me ya faru a Janairun 2023?

Tun ƙarshen 2022 aka fara jin ƙishin-ƙishin. Hasbro ya sayi dandalin D&D Beyond, inda 'yan wasa suke sayen littattafan wasan da tsara jarumansu ta intanet, a wannan shekara a kan dala miliyan 146.3, an sanar da cewa sabon bugu yana tafe, sannan a watan Disamba shugabar Wizards ta lokacin, Cynthia Williams, ta shaida wa masu zuba jari cewa ba a samun kuɗin da ya kamata daga wasan. A ranar 21 ga Disamba kamfanin ya ce zai sabunta lasisin, a ranar 5 ga Janairu kuma Lin Codega na shafin io9 da ke ƙarƙashin Gizmodo ya bayyana abin da ke cikin daftarin da ya fita ta bayan fage, mai suna OGL 1.1, wanda tsawonsa ya kai kimanin kalmomi 9,000.

Daftarin ya ce tsohon lasisin, wato OGL 1.0a, ya daina zama lasisin da aka amince da shi. Ya wajabta wa masu sayar da ayyukansu yin rajista da kamfanin, ya ce wanda kuɗin shigarsa ya haura dala 50,000 a shekara sai ya kai rahoto, wanda kuma ya haura dala 750,000 sai ya biya kashi 25 cikin ɗari na abin da ya ɗoru a kan wannan adadi, ko kashi 20 idan ta Kickstarter, dandalin tara kuɗi daga jama'a, ya tara kuɗin. Ya taƙaita izinin ga littattafan takarda da takwarorinsu na kwamfuta da ba sa motsi, ya ba Wizards damar sauya sharuɗɗa ko soke yarjejeniya da sanarwar kwana 30, sannan ya ba shi izini na dindindin, wanda ba a janyewa, na yin amfani da duk abin da marubuci ya wallafa a ƙarƙashin lasisin ta kowace hanya ba tare da biyansa ba.

Kamfanin ya ce waɗanda za su biya kason ba su wuce ashirin ba. Me ya sa kowa ya tayar da jijiyar wuya?

Da farko dai, kason a kan kuɗin shiga aka ɗora shi, ba a kan riba ba, kuma duk wanda ya san harkar ɗab'i ya san tazarar da ke tsakanin biyun. A ce mawallafi ya sayar da littattafai na dala miliyan ɗaya a shekara. Abin da ya haura iyakar shi ne dala 250,000, kason Wizards a ciki zai zama dala 62,500, kuma za a cire shi ne ba tare da duba abin da aka kashe wajen biyan marubuta, masu zane, maɗaba'a da jigilar kaya ba. A sana'ar da ribarta ƙanƙanuwa ce, hakan yana nufin duk littafin da aka sayar bayan an tsallake iyakar yana iya zama asara.

Amma kason ba shi ne ya fi tayar da hankalin mafi yawan mutane ba. Marubuciyar da take sayar da ɗan littafin labari mai shafi talatin a intanet ba za ta taɓa kusantar dala 750,000 ba, sai dai sharaɗin mallaka ya shafe ta kai tsaye, domin dodon da ta ƙirƙira yana iya bayyana gobe a littafin babban kamfani ba tare da an tuntuɓe ta ba. Sharaɗin kwana 30 kuma ya shafi kowa, tun da littafi yakan ɗauki shekara ko fiye daga rubutu zuwa bugawa, babu kuma mai hankalin da zai zuba jarinsa a kan izinin da za a iya sauyawa kafin kaya su iso daga maɗaba'a. Iyakar da aka sa yau a dala 750,000 ana iya sauko da ita gobe. A ganina wannan shi ne ya haɗa kan babba da ƙarami, kuma fargabarsu tana da tushe.

Shin kamfanin yana da ikon soke tsohon lasisin a doka?

Babu kotun da ta yanke hukunci a kan wannan, domin an janye kafin a kai ga shari'a, amma hujjojin ɓangarorin biyu a bayyane suke, kuma duk sun rataya ne a kan kalmomi biyu.

Sashe na 4 na OGL 1.0a ya ce izinin na dindindin ne, a duk duniya, ba tare da biyan kaso ba. Bai ce izini ne da ba a iya janyewa ba, kuma lauyoyi da dama sun yi nuni da cewa a dokar yarjejeniya ta Amurka waɗannan abubuwa biyu ba ɗaya ba ne, domin na farko yana nufin ba a sa masa ranar ƙarewa ba kawai. Sashe na 9 kuma ya ce Wizards yana iya fitar da sababbin nau'o'in lasisin, sannan kowa yana iya amfani da duk nau'in da aka amince da shi. A nan lauyoyin kamfanin suka sami ƙofa, suka ce wanda yake da ikon amincewa yana da ikon janye amincewar.

Masu adawa sun kawo amsoshi masu ƙarfi. Sun ce lasisin da kansa ya fayyace hanya guda ta ƙarewarsa a sashe na 13, wato idan mutum ya saɓa sharuɗɗa kuma bai gyara cikin kwana 30 ba, bai kuma ambaci wata hanya daban ba. Sun ce marubuta sun bayar da wani abu a madadin izinin, tun da sun yarda da ƙa'idojin da suka ɗaure su, saboda haka yarjejeniya ce ta ɓangarori biyu, ba kyautar da mai ita zai karɓe idan ya ga dama ba. Sun kuma tono wani bayani da Wizards da kansa ya wallafa a shafinsa a 2004, inda ya ce ko da kamfanin ya yi sauyin da mutum bai yarda da shi ba, yana iya ci gaba da amfani da tsohon nau'in. Ryan Dancey ya fito ya ce ba a rubuta lasisin da nufin a iya soke shi ba, Paizo kuma, wanda wasu shugabanninsa suna Wizards lokacin da aka tsara lasisin, ya ce a shirye yake ya kare wannan matsayi a gaban alƙali.

Hujjar masu adawa ta fi nauyi a wurina, musamman saboda shekaru ashirin da biyu da kamfanin ya yi yana kallon mutane suna gina sana'arsu a kan alkawarinsa. Sai dai samun gaskiya a takarda daban, iya biyan lauyoyin da za su yi shekaru suna fafatawa da Hasbro daban, kuma mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba su da wannan ƙarfi.

An ce ƙa'idojin wasa ba su da haƙƙin mallaka tun asali. Idan haka ne, mene ne amfanin lasisin?

Gaskiya ne cewa dokar haƙƙin mallaka ta Amurka, a sashe na 102(b), ba ta kare tunani, tsari ko hanyar gudanar da abu, abin da take karewa shi ne lafazin da aka bayyana su da shi, kuma wannan ƙa'ida ta samo asali tun shari'ar Baker da Selden a ƙarni na 19. Babu wanda ya mallaki tsarin jefa dayis mai fuska 20 a ƙara wata lamba a gwada da wata. Kit Walsh ta ƙungiyar EFF mai kare 'yancin jama'a a intanet ta yi rubutu a tsakiyar rikicin tana nuna cewa ta wasu fuskoki wanda ya karɓi OGL ya rage wa kansa 'yanci ne, domin sashe na 7 ya hana shi faɗin cewa littafinsa ya dace da Dungeons & Dragons, alhali doka tana iya ba shi damar faɗin hakan.

Matsalar ita ce babu wanda zai iya nuna daidai inda tsari ya ƙare, lafazi ya fara. Jerin sihirce-sihirce da sunayensu da matakansu, ko jadawalin ƙarfin dodo, tsari ne ko lafazi? Amsar tana hannun kotu, kotu kuma kuɗi ce. Abin da OGL ya bai wa mutane a zahiri shi ne kwanciyar hankali: ga iyaka, idan ka tsaya a cikinta babu wasiƙar lauya da za ta same ka. Wannan tabbaci shi ne daftarin 2023 ya rushe, kuma ya rushe shi tun ranar da aka karanta shi, ko da yake bai taɓa fara aiki ba.

Wace hujja kamfanin ya bayar?

A sanarwarsa ta 13 ga Janairu ya kawo dalilai uku: hana amfani da wasan a rubuce-rubucen ƙiyayya da wariya, hana masu harkar NFT, wato shaidar mallakar kayan intanet da ake saye da sayarwa, da makamantansu cin gajiyarsa, da tabbatar da cewa lasisin na ƙananan masu ƙirƙira ne, ba na manyan kamfanoni ba. Ya kuma ce daftari ne kawai da aka raba don jin ra'ayi. Damuwa ta farko ba ƙirƙirarriya ba ce, domin duk mai tambari yana tsoron a liƙa sunansa a jikin abin kunya, amma babu ɗaya daga cikin dalilan uku da ya bayyana buƙatar mallakar ayyukan marubuta ko ikon sauya sharuɗɗa cikin wata guda. Sanarwar, wadda babu sa hannun kowa a kanta, ta amsa cewa kamfanin ya jefa dayis ya sami ɗaya, wato mafi munin jifa a wasan, sannan ta ƙara da cewa jama'a sun yi nasara, kamfanin ma ya yi nasara. Wannan jimla ta ƙara hura wutar.

Ta wace hanya jama'a suka matsa lamba?

An rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a ƙarƙashin taken OpenDnD wadda mutane fiye da 60,000 suka sa wa hannu cikin 'yan kwanaki. Abin da ya fi tasiri, bisa rahotannin lokacin, shi ne yadda 'yan wasa suka riƙa soke rajistarsu ta biyan kuɗi a D&D Beyond, domin wannan adadi ne da shugabannin kamfani suke gani kullum. Mawallafa kuma suka fara neman mafita: Kobold Press ya sanar da sabon wasansa wanda daga baya ya fito da sunan Tales of the Valiant, kamfanin MCDM ya ce zai gina nasa tsarin, Paizo kuma ya sanar a ranar 12 ga Janairu cewa zai ɗauki nauyin rubuta sabon lasisi mai suna ORC da ba na kowane kamfani ba. Paizo ya ce babban littafin Pathfinder da ya tanada don sayarwar wata takwas ya ƙare cikin makonni biyu.

Me ya sa daftari na biyu, OGL 1.2, bai kwantar da ƙurar ba?

A ranar 18 ga Janairu Kyle Brink, babban mai kula da shirya wasan a lokacin, ya nemi afuwa da sunansa, washegari kuma aka fitar da OGL 1.2 a fili, aka biyo shi da ƙuri'ar jin ra'ayi. An cire kason kuɗi, an cire rajista, an cire sharaɗin mallakar ayyukan marubuta, an kuma yi tayin sanya wani ɓangare na ƙa'idojin a ƙarƙashin lasisin ƙungiyar Creative Commons mai zaman kanta. Ci gaba ne na gaske, amma abubuwa uku sun tsaya wa mutane a wuya. Har yanzu daftarin yana soke OGL 1.0a ga sababbin ayyuka. Ya ba Wizards shi kaɗai ikon yanke abin da yake na ƙiyayya ko ɓatanci, tare da sa marubuci ya yi alkawarin ba zai ƙalubalanci hukuncin a kotu ba. Sannan ya zo da wata ƙa'ida ga dandalin da ake yin wasan a kansu ta intanet, wadda ta hana abubuwa irin su nuna hoton sihiri mai motsi yana tashi daga ɗan wasa zuwa abokin gabarsa, a daidai lokacin da kamfanin yake gina nasa dandalin.

Mutane fiye da 15,000 ne suka amsa ƙuri'ar. Bisa alƙaluman da kamfanin ya fitar, kashi 88 cikin ɗari sun ce ba sa son wallafa komai a ƙarƙashin OGL 1.2, kashi 89 ba su gamsu da soke tsohon lasisin ba, kashi 86 kuma ba su gamsu da ƙa'idar dandalin intanet ba. A ranar 27 ga Janairu, tun wa'adin ƙuri'ar bai cika ba, Wizards ya sanar da cewa ya bar OGL 1.0a yadda yake, kuma ya sanya SRD 5.1 gaba ɗayansa, wato kundin ƙa'idojin bugu na biyar, a ƙarƙashin lasisin CC BY 4.0 na Creative Commons.

Mene ne bambancin Creative Commons da OGL?

Babban bambancin shi ne Wizards ba shi ya rubuta shi ba, kuma ba shi da ikon taɓa shi. Creative Commons ƙungiya ce mai zaman kanta da aka kafa a 2001, lasisinta na CC BY 4.0 ya faɗa ƙarara cewa ba a janye shi, sharaɗinsa kuma shi ne a ambaci mai asalin aikin. Abin da jama'a suka samu a ƙarshe ya fi abin da suke da shi kafin rikicin, domin ƙa'idojin bugu na biyar sun fita daga hannun kamfanin har abada.

Akwai abin da aka rasa, kuma ba a cika ambatonsa ba. OGL ya gina rumbu na tarayya, inda abin da ka gina a kan buɗaɗɗen kaso shi ma yake zama buɗaɗɗe ga na bayanka. CC BY bai wajabta wannan ba, saboda haka mutum yana iya ɗiba daga SRD ya rufe nasa. Haka kuma ba shi da tsarin ware keɓaɓɓen kaso daga buɗaɗɗe, sai mawallafi ya yi taka-tsantsan da kansa wajen fayyace abin da ya saki. Wizards ma ya ɗan yi tuntuɓe a nan, domin kundin da ya saki cikin gaggawa yana ɗauke da ambaton wasu sunaye da a da ya keɓe wa kansa, irin su Strahd, wani fitaccen mugu a labaran wasan, ko da yake sunan kawai ya fita, ba labarinsa ko siffarsa ba.

Ina aka kwana game da lasisin ORC?

An kammala shi a tsakiyar 2023. Ofishin lauyoyi na Azora Law ne ya rubuta shi, ƙarƙashin Brian Lewis, wanda yana cikin waɗanda suka tsara OGL na asali, kuma mawallafa fiye da 1,500 sun nuna goyon bayansu tun farko, ciki har da Chaosium da Green Ronin. An rubuta a ciki cewa ba a janye shi, an ajiye rubutunsa a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka don kada wani ya sauya shi, kuma ya dawo da tsarin rumbun tarayya: ƙa'idojin wasa da ka gina a kansa dole su zama buɗaɗɗu, labarinka da duniyarka kuma naka ne. Paizo ya sake fitar da manyan littattafan Pathfinder a ƙarƙashinsa daga Nuwamban 2023, bayan ya tsame duk abin da ya samo asali daga OGL, aikin da ya kai ga sauya sunayen sihirce-sihirce da dodanni da cire wasu gaba ɗaya.

Shin bakin jama'ar wasan ya zo ɗaya a kan komai?

A'a. Sun haɗu a kan ƙin daftarin, amma sun rabu a kan abin da ya kamata ya biyo baya. Wasu sun ce tun da kamfanin ya janye har ya ƙara da abin da ba a nema ba, adalci shi ne a yaba masa a koma wasa. Wasu sun ce wanda ya gwada sau ɗaya zai sake, kuma matsin kasuwa ne ya sa shi ja da baya. Akwai kuma masu ƙirƙirar ƙananan wasanni da suka daɗe suna cewa OGL ɗin kansa ya cutar da fagen, domin ya sa kowa yana kewaya tsari guda, wasu dabaru kuma suka rasa masu kallonsu, a wurinsu rikicin dama ce ta mutane su gwada wani abu daban. Hatta ORC ya sami masu suka, waɗanda suke ganin wajabta buɗe ƙa'idoji nauyi ne a kan ƙaramin marubuci, da waɗanda suke ganin babu buƙatar sabon lasisi tun da Creative Commons yana nan.

Sakamakon shi ne rumbun da yake guda ɗaya ya rabu. Abin da aka saki a ƙarƙashin OGL ba ya shiga ORC kai tsaye, kamfanoni irin su Free League kuma sun rubuta nasu lasisin, saboda haka marubucin da yake son haɗa kaya daga wurare uku yau sai ya karanta takardu uku.

Wanda yake son wallafa nasa littafin yanzu, wane lasisi zai bi?

Ya danganta da inda ya ɗebo kayansa, kuma wannan bayani ba ya maye gurbin shawarar lauya. Mai rubutu don bugu na biyar yana da SRD 5.1 a ƙarƙashin CC BY 4.0, mai rubutu don sababbin littattafan da suka fara fitowa a 2024 kuma yana da SRD 5.2, wanda Wizards ya saki a watan Afrilun 2025 a ƙarƙashin wannan lasisi. Mai rubutu don sabon Pathfinder zai bi ORC. Wanda yake son amfani da sunayen wurare da mutanen labaran Wizards kuwa, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya ba shi izini, sai ya bi ta kasuwar DMs Guild da aka buɗe a 2016, inda ake raba kuɗin ciniki kuma aikin ba ya fita zuwa wata kasuwa.

Akwai abin da ya rage ba a warware ba?

Akwai. Sanarwar 27 ga Janairu ta ce an bar OGL 1.0a yadda yake, amma ba ta ƙara masa kalmar da ta ɓace ba, wato cewa ba a iya janye shi, kamfanin kuma bai amsa cewa ba shi da ikon soke shi ba. SRD 5.1 kaɗai aka mayar Creative Commons a ranar, game da kundayen tsofaffin bugu kuwa abin da aka ce shi ne za a duba. Dubban littattafan da aka gina a kan bugu na uku, da wasannin da suka farfaɗo da tsofaffin ƙa'idoji, da buɗaɗɗun ayyukan marubutan da suka rasu ko kamfanonin da suka rufe, waɗanda babu mai sake sakin su a ƙarƙashin wani lasisi, duk suna nan a kan takardar shekarar 2000 da sashenta na 9. Wanda yake gina sabon aiki a kansu yana dogara ne da cewa shugabannin Hasbro na gaba za su tuna abin da Janairun 2023 ya jawo wa kamfanin.